Amsar Tambaya: Me Ke Hana Manomi Komawa Takin Gargajiya?

Babban abin da ke riƙe manomin masara a Doguwa ko Tudun Wada shi ne tsoron asara. Takin gargajiya ba ya nuna aikinsa da wuri kamar yuriya, wadda ke mayar da ganye kore shar cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma jin kunya, domin gonar da ta yi rawaya a bakin hanya ita ake zance a kasuwa.

Shawarar da ta dace ita ce a ware gefen gona a gwada damina biyu ko uku. Manomin Kiru ko Bebeji ya fi yarda idan ya ga kashin shanu ya rage wa maƙwabcinsa ƙuduji, fiye da jin bayanin malamin gona kaɗai.