Daɓen Siminti da Iska

Mutane da yawa a ƙasar Birnin Gwari sun bar daɓen makuba, sun koma na siminti. Ga tambayar da muke yawan ji a aji: shin daɓen siminti yana bukatar iska ta riƙa ratsa ƙarƙashinsa?

Mu fara duba rumbu. Akan ɗora shi bisa duwatsu don iska ta riƙa wucewa, kada laima ta kama hatsi. Haka kuma a Ingila akwai gidaje masu daɓen katako. Akan bar fili a ƙarƙashin katakon, da 'yan kafofi a jikin bango. In aka toshe kafofin nan, sai katakon ya ruɓe.

Daɓen siminti ba haka yake ba. Kwance yake bisa ƙasa, babu fili a ƙarƙashinsa, kuma ba ya ruɓewa. Saboda haka ba ya bukatar kafar iska. Abokin gabansa laima ce. Ruwan ƙasa yakan hawo ta jikin siminti kamar yadda kananzir ke hawan lagwani. Ƙasarmu ta daji ce, ta fi Katsina da Sakkwato samun ruwa. A watan Agusta sai ka ga tabarma ta yi funfuna, masarar da aka ajiye a ɗaki ta lalace.

Ga yadda za mu tare laima:

1. A kwashe ƙasar sama duk da saiwoyinta.
2. A cika da marmara, a daddaɓe sosai, har ɗaki ya fi tsakar gida tudu da inci 6.
3. A baza yashi, a shimfiɗa leda mai kauri, bakin wannan bisa bakin waccan.
4. A kwaɓa siminti kwano 1, yashi kwano 2, tsakuwa kwano 4. A zuba kaurin inci 4.
5. A riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7, don ya yi ƙarfi.

Iskar da ɗaki ke bukata ta taga take shiga. Mu riƙa buɗe tagoginmu da rana, mu gyara magudanar ruwa a bayan ɗaki.

Tambayoyi

1. Don me ake ɗora rumbu bisa duwatsu?
2. Mene ne amfanin leda a ƙarƙashin daɓe?
3. Kwana nawa ake yayyafa wa sabon daɓe ruwa?