Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke biyan kuɗin horar da ma'aikatan ƙananan hukumomi?

Wani mai sauraronmu daga Gumel a jihar Jigawa yana tambaya: shin gwamnatin jiha ce ke biyan kuɗin kwasa-kwasan da ake tura ma'aikatan ƙananan hukumomi?

To Malam, a galibin jihohin Najeriya kuɗin na ƙananan hukumomin ne da kansu. Ana cire kashi 1 cikin 100 na kasonsu da ke zuwa daga asusun tarayya, a miƙa wa Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta jiha. Ita ke zaɓar wanda zai tafi, ma'aji ne ko mai karɓar haraji a kasuwa, ita kuma ke biyan kuɗin makaranta da alawus.

Tsarin ya samo tushe ne daga garambawul na shekarar 1976. Bayan nan aka ware jami'o'i uku don wannan horo: Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ke da sashen horon a harabar Kongo, sai ta Nsukka da ta Ife.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake kashe kuɗin. Sau da yawa bitar kwana biyu ce a otal, a raba jaka da takardar shaida, kowa ya koma ofis bai iya haɗa kasafin kuɗi a kwamfuta ba.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Tunda kuɗin na ƙananan hukumomin ne, Malam, ka tambayi kansilan mazaɓarku ma'aikata nawa aka horar bana, kuma a kan me.