Yadda Ake Gano Asalin Wasan Dabon Karta Da Aka Manta Sunansa

Sau da yawa mutum kan ga ɗan gajeren bidiyo a TikTok ko WhatsApp na wani mai rufa ido da karta, abin ya burge shi, ya wuce. Bayan wata biyu ya tuna, amma babu sunan wasan, babu sunan mai yin sa. Abin da ya rage a kansa shi ne an jera karta layi uku, an tambayi wani layin da katinsa yake, sai ga katin ya fito. Wannan ɗan abin ya isa a bi sawun wasan har littafin da aka buga shekaru 400 da suka wuce, da wayar hannu kawai.

Sanin asali yana da amfani. Akwai masu sayar da "sirrin" irin waɗannan wasanni a intanet, suna cewa su suka ƙirƙira, alhali bayanin yana nan kyauta tun zamanin kakanni.

Mataki na 1: A rubuta abin da ido ya gani

Kafin a buɗe Google, a buɗe manhajar rubutu a waya a amsa tambayoyi huɗu. Karta nawa aka yi amfani da su? Kashi nawa aka raba su? Sau nawa aka maimaita? Mai kallo ya taɓa katin ko a ransa kawai ya zaɓa? A bar labarin da ɗan dabo ya bayar, domin kowa da nasa, kuma yana sauyawa daga baki zuwa baki. Lambobi da tsarin aikin su ne ba sa sauyawa.

A misalin nan amsar ita ce: karta wajen 20, layi uku, maimaitawa sau uku, zaɓi a zuci.

Mataki na 2: A duba tarihin waya

Idan a YouTube aka gani, shafin myactivity.google.com yana ajiye tarihin kallo da na bincike, matuƙar ba a kashe ajiyar ba, kuma ana iya tacewa da kwanan wata. TikTok ma yana da tarihin kallo a cikin saituna. Idan akwai hoton allo da aka ɗauka, a saka shi a Google Lens. Amma a lura: bidiyon da aka samo ya nuna inda aka gani ne, bai nuna asali ba.

Mataki na 3: A samo sunan wasan

Yawancin rubuce-rubucen wannan fanni da Turanci suke, don haka a juya bayanan mataki na 1 zuwa gajerun kalmomi: card trick three piles three times. Sakamakon zai yi ta maimaita suna ɗaya, wato "21 card trick". Daga nan a saka sunan cikin alamar zance domin Google ya nemo jimlar daidai yadda take, a ƙara kalmar history ko origin. Rubuta -site:youtube.com yana cire bidiyoyi, sannan before:2010 yana kawo tsofaffin shafuka.

Mataki na 4: A gwada da hannu

Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa. A ɗauko karta 21, a raba su ɗaya bayan ɗaya zuwa layi uku, kowane layi bakwai. Mai kallo ya faɗi layin da katinsa yake. A tattara, a saka wannan layin a tsakiyar sauran biyun, a sake rabawa. A yi haka sau uku.

Ga abin da ke faruwa. Bayan tattarawar farko katin yana tsakanin matsayi na 8 da na 14. Bayan ta biyu yana tsakanin na 10 da na 12. Bayan ta uku yana na 11, tsakiyar karta 21 daidai. Kowace tambaya tana rage wurin nema zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku: daga 21 zuwa 7, zuwa 3, zuwa 1. Masu rubuta manhaja sun san irin wannan dabara, domin da makamanciyarta kwamfuta ke neman suna a cikin jeri mai tsawo.

Idan abin da ya fito ya dace da abin da aka tuna, an kama hanya. Idan bai dace ba, misali an tuna cewa mai kallo ya faɗi wata lamba kuma katin ya fito a daidai lambar, to ɗan'uwansa ne mai karta 27.

Mataki na 5: A bi sawu baya

Masu wannan sana'a suna da rumbunan bayanai nasu. Conjuring Archive, wanda Bajamushe Denis Behr ya kafa, yana jera abubuwan da ke cikin littattafai da mujallun dabo tare da shekarar bugu da lambar shafi. Conjuring Credits kuwa yana bin tarihin kowace dabara. Ƙa'idar ita ce a duba wanda kowane marubuci ya ambata, a koma wurinsa.

Littafin Martin Gardner na 1956, Mathematics, Magic and Mystery, ya yi bayanin wasan karta 27, ya danganta shi da Joseph Gergonne, masanin lissafi ɗan Faransa. Gergonne ya yi nazarin wasan a 1813 a mujallar lissafi da shi da kansa ya kafa. Lamba 27 ita ce 3 sau 3 sau 3, shi ya sa ta hanyar sauya inda ake saka layin da aka zaɓa, sama ko tsakiya ko ƙasa, ana iya kai katin kowane matsayi daga 1 zuwa 27.

Gergonne ma ya tarar da wasan ne. Wasan layi uku yana cikin littafin wasannin lissafi na Claude Gaspard Bachet, wanda aka fara bugawa a birnin Liyon na Faransa a 1612, aka sake bugawa da ƙari a 1624. Ana samun hotunan irin waɗannan tsofaffin littattafai kyauta a Internet Archive da Google Books da Gallica, rumbun ɗakin karatu na ƙasar Faransa.

Abin lura biyu

Na farko, littafi mafi tsufa da aka samu yana nuna lokacin da aka rubuta wasa ne, ba lokacin da aka ƙirƙira shi ba. Irin su Bachet tattara abin da ke yawo a hannun mutane suka yi. Don haka daidai a ce "yana cikin littafin 1612", kuskure ne a ce "an ƙirƙira shi a 1612".

Na biyu, manhajojin hira irin su ChatGPT da Gemini suna da amfani a mataki na 3, domin sukan gane wasa daga kwatance. Amma sukan ƙago sunan littafi ko shekara da ƙarfin gwiwa. Duk sunan da suka bayar a nemo littafin kansa a Google Books, a ga shafin da ido kafin a yaɗa.

Waɗannan matakai biyar suna aiki a kan waƙar da aka manta mawaƙinta, ko tsohon hoto da ke yawo a Facebook da labarin ƙarya. Mai son farawa ya ɗauko karta 21 yau, ya gwada mataki na 4, sannan ya ƙara shida ya ga ko zai iya kai katin matsayi na 20.