Yadda A Ke Ɗaukar Kiɗan Goge Da Kwamfuta

Sau da yawa in malami ya aiki ɗalibai cikin gari su ɗauko kiɗan gargajiya saboda darasin Hausa ko na al'adu, da ƙara ɗaya su kan komo. Wai sun ɗauka, amma da suka sa abin ji a kunne sai na hagu kaɗai ke ji, na dama shiru. Wani ya ce kwamfutar ce ta lalace, wani ya ɗora wa mai sayar da waya laifi. Alhali kuwa ba abin da ya lalace. Abin ya cancanci a tsaya a fahimce shi, domin a ce kun sami wani tsohon mai goge a unguwar Gwadabawa nan cikin Jimeta, kun yi ta kai da kawowa har ya yarda ya zauna muku sa'a guda, ba lalle ne ku sāke samunsa gobe ba.

Mu fara da kalmomi biyu, mono da sitiriyo. Mono shi ne sauti mai bin hanya ɗaya. Sitiriyo kuwa mai bin hanya biyu ne, ta hagu da ta dama, kowacce da kunnenta. Wani Bature injiniya a Ingila, Alan Blumlein, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1931, amma faifan garmaho mai hanya biyu bai bazu a kasuwa ba sai 1958. Watau duk faifan da kakanninmu suka saurara kafin nan hanya ɗaya ne, ba wanda ya ce kiɗan bai yi daɗi ba. Goge ɗaya da makirufo ɗaya a gabansa mono ne. Haka garaya, haka kukuma, haka sarewa da algaita. Baki ɗaya ke magana, ko da ya ke kunne biyu ke sauraro.

To, sai ku ɗauki filogin da ke bakin wayarku ku dube shi da kyau. Za ku ga yana da gaɓoɓi kamar rake, baƙin zobe ya raba tsakaninsu. Akwai babba mai kaurin milimita 6.35, wanda asalinsa na ma'aikatan gidan tarho ne, akwai kuma ƙarami mai milimita 3.5, irin wanda ke shiga kwamfuta. Kauri ba shi ne abin lura ba, yawan gaɓa shi ne. Filogin mono zobe ɗaya gare shi, gaɓa biyu: tsini da gindi. Na sitiriyo zobe biyu, gaɓa uku: tsini, wuya da gindi. Tsini na hagu ne, wuya na dama, gindi kuwa ta nan wutar ke komawa.

Kafar da ke jikin kwamfuta, in ta sitiriyo ce, harsuna uku ke cikinta suna jiran waɗannan gaɓoɓi uku. In kuka zura mata filogin mono, harshen hagu ya taɓa tsini ya sami kiɗa. Harshen dama ya nemi wuya ya rasa, sai ya faɗa kan gindi, inda ba kome. Kwamfuta kuwa ba ta san goge ba. Abin da aka ba ta shi ta ke rubutawa: layi biyu, na sama cike da kiɗa, na ƙasa miƙaƙƙen zare. Asirin kunnen daman ke nan, ba wani.

Maganin ba ya cin ko kwabo. Mu ɗauki manhajar Audacity, tun da kyauta ce, an kuwa fito da ita tun shekara ta 2000 daga jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka. Kafin ku danna jan maɓallin ɗauka, ku shiga wurin zaɓen yawan hanyoyi ku zaɓi 1, watau mono. Layi ɗaya za ta zana, kuma in an zo sauraro ita da kanta za ta aika da shi kunnuwa biyu daidai wa daida, ku ji gogen a tsakiyar ka. In kuwa an riga an ɗauka da hanya biyu, kada a tada hankalin tsoho. A gefen hagun layin akwai jerin umarni, a ciki akwai wanda aka rubuta "Split Stereo to Mono". In kun taɓa shi layin ya rabu biyu, sai ku share na banzan ku bar mai kiɗa.

Akwai wani umarni kuma mai cakuɗa hanyoyin biyu su zama ɗaya, ɗalibai kan ruga gare shi don sunansa ya yi kama da abin da su ke nema. A nan ba shi ne ba. Shi raba daidai ya ke yi: ya haɗa kiɗa da shiru ya raba biyu, sai ƙarfin ya ragu da rabi, wanda a ma'aunin manhajar desibel 6 ne. Kamar a zuba ruwa kwano guda cikin nono kwano guda ne. Wasu kwamfutocin ma haka su kan yi da kansu in an zaɓi mono tun farko. In kun ga ƙarfin ya kasa wuce rabi ko an yi yaya, ku ɗauka da hanya biyu sa'an nan ku raba.

Wani zai ce, ai sitiriyo ya fi, me zai sa a koma baya? A ganina wannan son girma ne kawai. Ko kun sayi wayar da za ta kai kiɗan hagu da dama gaba ɗaya, abu ɗaya kuka rubuta sau biyu. Ku yi lissafi. Kwamfuta kan auna sauti sau 44,100 cikin daƙiƙa guda, kowane awo bayit 2. Minti ɗaya na mono ya tashi megabayit 5.3, na sitiriyo 10.6. An ci wuri ninki biyu, kunne bai ƙaru da kome ba.

Yanzu ga inda na fi so ku natsu, don wannan shi ke ɓata aiki ba a sani ba. Ba kowane filogi mai gaɓa uku ne na sitiriyo ba. Na'urar haɗa sauti irin wadda masu lasifika ke zuwa da ita wajen biki ta kan fitar da mono ta gaɓa uku. Tsini na ɗauke da kiɗan, wuya kuma na ɗauke da shi ɗin dai amma a kife, inda wancan ya hau nan ya sauka. An yi haka da gangan, domin in waya ta yi tsawo ta kan kwaso gurnani a hanya, na'urar da aka ƙera don karɓar irin wannan kuwa ta kan juyo kifaffen ta haɗa su, kiɗa ya ƙaru, gurnani ya mutu. Kafar kwamfuta ba ta san wannan hikima ba. Sai ta ɗauki ɗaya hagu, ɗaya dama. Ɗalibi ya sa abin ji a kunne ya ji duka biyu suna kiɗa, ya yi murna ya sallami mai goge. Ran da aka kunna wa aji da wayar hannu mai lasifika ɗaya, wadda tilas ta haɗa hagu da dama, sai kifaffe ya cinye miƙaƙƙe, a ji tsit, ko kuwa ɗan abin da bai kai kukan sauro ba. Ƙarti biyu ne masu ƙarfi ɗaya, wannan na tura ƙofa daga ciki, wancan daga waje. Alamarsa ita ce in an sa a kunne a ji kiɗan ba shi da mazauni, kamar yana bayan ƙeya. Ku faɗaɗa zanen ku duba, za ku ga layin ƙasa kishiyar na sama ne. Maganin shi ne na ɗazu: a raba, a yar da ɗaya.

Sai maganar kafar kanta. Babbar kwamfuta ta tebur ta kan zo da uku masu launi: kore ta fitar da sauti, shuɗiya ta shigar da mai ƙarfi, ruwan hoda ta makirufo. Abin da ya fito daga na'urar haɗa sauti shuɗiya za a kai shi, don ya fi ƙarfin ruwan hoda. Yawancin kwamfutocin cinya na yanzu kuwa kafa ɗaya tak gare su, mai jiran gaɓa huɗu, biyu na kunne, ɗaya ta komawa, ɗaya ta makirufo. In kuka sa mata mai gaɓa biyu ko uku sai ta ɗauka abin ji ne, ta ci gaba da ɗauka da ɗan makirufonta na ciki, ku kuwa kuna tsammanin wayarku ke aiki. Ku ƙwanƙwasa makirufonku da farce ku ga ko ma'aunin zai yi tsalle. In bai yi ba, ku nemi waya mai reshe biyu wadda ke raba kunne da makirufo, ko ɗan akwatin sauti mai shiga ta USB. Shi ma in mai kafa biyu ne, ta 1 ita ce hagu, ta 2 dama, labarin bai sāke ba.

Ku sa mai gogen ya ja izgarsa da iyakar ƙarfin da zai yi, ku daidaita har ma'aunin ya tsaya wajen -6, kada ya taɓa 0. Kiɗan da ya yi ƙasa a kan ɗaga shi daga baya, wanda ya fashe kuwa ba mai ɗinke shi. In kun ji gurnani mara yankewa, ku zare wayar caji ku yi aiki da batir. Fanka kuma a kashe ta, ko da a watan Afrilu ne, na san abin da na ke roƙo a zafin Yola. Ku guji ɗakin da ke bakin titin da Keke ke bi.

Kafin a shiga kiɗan sosai ku ɗauki rabin minti na gwaji, ku saurara da abin ji na kunne, sa'an nan ku tura shi cikin wayar hannu mai lasifika ɗaya ku sāke saurara, mai gogen yana zaune. In ya fito a duka biyun, ku nemi izninsa, ku faɗi sunansa da unguwarsa da kwanan wata a bakin makirufo, sa'an nan ku ce masa bismilla.