Sabon Katin Hoto A Tsohuwar Kwamfuta: Ina Matsalar Take?

Yawancinmu ɗalibai tsohuwar kwamfutar ofis muke saya, wadda ake kira tokumbo, domin ita ce daidai aljihunmu. Bayan ɗan lokaci sai mutum ya ga tana jan ƙafa wajen tace bidiyo, ya sayo mata katin hoto, wato allon da ke sarrafa duk abin da ake gani a monita. Ya soka shi a madabod, ya kunna, fanka tana juyawa, amma monita baƙi ƙirin. Haka ya faru da ni a zangon karatun da ya wuce, har na ɗaure katin zan mayar wa mai shago. Ashe lafiyarsa ƙalau. Abin da na koya shi ne, shigar kati cikin gurbinsa ba ta nufin shi da madabod sun fahimci juna.

Mu fara da gurbin. Kafin 2004 gurbin AGP ne ake yayi, kuma yana da haɗari, domin na farko yana aiki da bolt 3.3, na bayansa da bolt 1.5, kuma cusa kati a gurbin da ba nasa ba kan iya ƙona madabod. Daga 2004 PCI Express ya maye gurbinsa, kuma an tsara shi yadda sabon kati zai zauna a tsohon gurbi, sai dai gudunsa ya ragu. Saboda haka idan kwamfutarka ba ta kai shekara ashirin ba, da wuya gurbi ya zama matsalarka. Ka dai auna akwatin, domin siririn akwatin ofis gajeren kati kawai yake ɗauka.

Kafin a zurfafa, akwai kuskuren da ake jin kunyar faɗa. Mutane da yawa sukan sa kati, su bar wayar monita a tsohuwar kafarta ta madabod. A mayar da ita jikin katin. Haka kuma katuna irin su GTX 1060 na 2016 ba sa fitar da siginar VGA, don haka ɗan mahaɗin nan mai araha ba zai yi ba, sai mai juya siginar daga HDMI.

Sai wuta. Gurbin PCI Express ba ya ba da fiye da wat 75. Katin da ya fi haka ci yana buƙatar wayar kansa daga na'urar ba da wuta: mai ƙafa 6 tana ƙara wat 75, mai ƙafa 8 tana ƙara 150. To, ƙananan kwamfutocin ofis da yawa na'urarsu ba ta wuce wat 240 ba, kuma ba ta da wannan waya ko kaɗan. Alamar ƙarancin wuta daban take da baƙin monita: kwamfuta takan tashi lafiya, amma da an ɗora mata aiki mai nauyi sai ta mutu ko ta sake tashi da kanta. Ni ban yarda da wayoyin ƙari da ake haɗawa da kafar SATA ba, domin sukan yi zafi har su narke. Gara mutum ya haƙura da kati mai cin wuta kaɗan, kamar GT 1030 mai cin wat 30.

Inda aka fi shan wahala shi ne BIOS, kuma nan tawa matsalar take. BIOS ƙaramar manhaja ce da ke cikin madabod, ita ce ke fara farkawa ta gaisa da kowane sashe kafin Windows ta tashi. Katin hoto ma yana da tasa manhajar da ke amsa wannan gaisuwa. Wajen 2011 zuwa 2012 masu ƙera madabod suka koma sabon tsari mai suna UEFI. Mu da muka koyi Hausa da girma mun san yadda abin yake: a gaishe ka da harshen da ba ka ji, sai ka tsaya kana kallo. Katuna da yawa suna jin harsunan biyu, amma tsohon BIOS kan rikice idan ya gamu da su. Wasu kuma sun bar tsohon tsarin gaba ɗaya. A 2025 kamfanin AMD ya sanar cewa katunansa na RX 9000 UEFI kaɗai suke goyon baya.

Ga abin da na yi. Na cire katin, na mayar da waya kafar madabod, kwamfuta ta tashi. Na duba lambar BIOS ɗina, na ga akwai wadda ta fi ta sabunta a shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, na sauke na ɗora. Da na mayar da katin, nan take hoto ya bayyana. Amma a yi hattara: idan aka ɗauke wuta ana tsakar wannan aiki, madabod na iya mutuwa har abada, don haka kada a fara sai da UPS ko inbata. Idan sabuntawar ba ta wadatar ba, a shiga saitin BIOS a zaɓi katin a matsayin wanda zai fara nuna hoto, a gwada kunna CSM ko kashe shi. Cire ɗan batirin CR2032 na 'yan mintuna yana mayar da saiti yadda ya zo daga masana'anta.

Wani lokaci hoto yakan fito amma da manyan haruffa, kamar an kumbura shi. Wannan direba ce, wato manhajar da ke koya wa Windows amfani da katin. A goge tsohuwar kafin a sa sabuwa. Mai Windows 7, wadda Microsoft ya daina kula da ita a Janairun 2020, ya bincika tun kafin ya saya, domin sababbin katuna ba su da direbarta.

Idan duk wannan bai yi ba, a ari kwamfutar aboki ta zamani a gwada katin. In ya ƙi a can ma, sai a koma wa mai shago da rasit a hannu.