Nasiha Ga Iyaye: A Bar Yaro Ya Yi Da Hannunsa

Ya ku iyayen yara, tun kafin a raba Dungas da Magarya a shekarar 2011 nake koyarwa a ajin renon yara, wanda muka fi sani da jardan, kuma abin da wannan hidima ta tabbatar mini shi ne, yaron da aka saba yi wa kome a gida, tun daga sa riga har wankin hannu, shi ya fi shan wahalar zama da tsaransa, domin wanda bai iya hidimar kansa ba, ina zai iya ta wani?

Dokar ilimi ta ƙasarmu, ta 1998, ta sanya wannan aji na ƴan shekara 3 zuwa 5 cikin ilimin tushe, amma maƙasudinsa tarbiyya ne da koyon mu'amala, kafin a kai ga haddar baƙaƙe. Saboda haka idan kuka leƙo rumfarmu ta zana da hantsi, za ku tarar kowa ya jera takalmansa a bakin ƙofa, wannan na riƙe da buta yana zuba wa ɗan'uwansa har ya gama su yi musanye, ga kuma moɗa guda bisa randa, ba mai ɗiba sai layi ya zo kansa. Ruwa yakan zube, takalmin dama yakan tafi ƙafar hagu, mu kuwa sai mu kame hannu mu yi haƙuri. In kuma biyu suka yi rigima kan ƴar tsana, ba mu yanke hukunci sai kowanne ya faɗi hujjarsa da bakinsa.

Wasu sukan ji tsoron kada wannan ya haifar da rashin kunya, alhali ko a makarantar allo almajiri ke wanke allonsa, ladabinsa bai ragu ba, kuma Ibn Haldun ya yi gargaɗi cikin Muƙaddima cewa tsananta wa ɗalibi kan gadar masa da ƙarya da kasala.

Roƙona gare ku, ku tashi yaro da wuri yadda zai shirya da kansa ba tare da tsawa ba, ku aike shi maƙwabta ya yi sallama ya isar da saƙo, in ya dawo ku saurare shi har ya dasa aya. Allah ya shirya mana zuriya, amin.