Jaki ya rame: a auna jini kafin a yi allura

Jama'a, da yawa daga cikinku kun tsallako iyaka da jaki ɗaya ko biyu, kuma shi ne ke ɗebo ruwa, ya jawo itace, ya kai kaya kasuwar Bawku. In ya kwanta, gida ya tsaya. Shi ya sa wannan karon darasinmu a kan jinin jaki ne.

Cututtuka uku ne suka fi ramar da jaki a arewacin Gana, kuma a ido kusan kamarsu ɗaya. Akwai sammore, wadda ƙudan tsando ke sawa, bobuwa ma tana ɗaukar ta daga dabba zuwa dabba. Akwai zazzaɓin da kaska ke kawowa, wanda ƙwayarsa ke shiga cikin jini tana fasa shi. Sai tsutsar ciki. Duk ukun suna kawo rama da kasala, in ka buɗe fatar ido ko dasashi ka ga ya yi fari. Ƙudan tsando yana son inuwar bakin rafi, don haka wanda ya yi kiwo wajen Salaga ko Yendi, kusa da kogin Daka ko Oti, ya fi shiga haɗari. Amma kada mutumin Bawku ya saki jiki, bobuwa da kaska suna ko'ina da damina.

Awon ba wuya. Malamin dabbobi zai ɗan huda gefen kunne ko ya ɗebi jini kaɗan a jijiyar wuya. Zai shafa ɗigo a gilashi ya duba a madubin likita. Ƙwayar sammore doguwa ce, tana wutsil-wutsil tsakanin ƙwayoyin jini, ta kaska kuwa tana ɓoye a cikinsu, sai an sa launi ake ganin ta. Akan kuma juya jinin a na'ura don a ga yawan jan da ya rage. In ana bukatar bincike mai zurfi, akwai babban ɗakin awo na dabbobi a Pong-Tamale. Tsutsar ciki ba a jini ake neman ta ba, a kashi ne, saboda haka ku tafi da ɗanyen kashin jakin a leda.

Abu biyu nake so ku riƙe. Ƙwayar sammore tana yawa a jini, ta ragu, ta sake dawowa. In an auna ba a gani ba, jakin kuma bai warware ba, a sake aunawa bayan kwana kaɗan, musamman ranar da jikinsa ya yi zafi. Na biyu, kada a ba shi magani kafin awo, domin maganin yana rage ƙwayar har ba a ganin ta, alhali ba ta ƙare ba.

Na san hodar allura a kasuwa ta fi arha, kuma akwai masu cewa sun saba yi wa shanu. Jaki ba saniya ba ne. Berenil da ake yi wa shanu yana iya sa jaki tangaɗi har ya mutu, kuma maganin zazzaɓin kaska mai suna imidocarb yana da haɗari ga jaki fiye da doki. Sai an san cutar, an ƙiyasta nauyin dabbar, sannan a san abin da za a ba ta.

Jaki yana da haƙuri, ba ya nuna ciwo da wuri. In ya yini bai ci ba, kansa a sunkuye, a sauke masa kaya, a ɗaure shi a inuwa da ruwa, a nemi malamin dabbobi na gunduma a ranar. Ku gaya masa inda jakin ya yi kiwo, yaushe ya fara, da duk abin da aka riga aka ba shi, har na gargajiya. Wanda ba ya jin Turanci ya biyo ta ofishinmu, zan raka shi in fassara.